Gidan Tsohuwa ke Biyan Jinyarta: Darasi Daga Ingila

A watan Fabrairun 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga 'yan ƙasashen waje masu aikin kula da tsofaffi da naƙasassu. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi kowa amsa kiran, su da 'yan Indiya da Zimbabwe. Aikin ba na ofis ba ne. Tayar da tsoho daga gado ne, da yi masa wanka, da canza masa ƙunzugu, da ba shi abinci a baki, da juya shi cikin dare kada bayansa ya yi gyambo. Daga nan gida kuwa, da yawa sun ɗauka gwamnati ce ke biyan wannan hidima. Sai ka ji ana cewa ai Bature ya huta, hukuma ce ke riƙe masa iyaye.

Ba haka abin yake ba. A Ingila asibiti ne kyauta. Kulawar yau da kullum kuwa, wadda mutum ke buƙata idan ƙarfi ya ƙare, sai an auna arzikinsa kafin a ce ga abin da hukuma za ta tallafa. Sau da yawa gidan tsohuwa ne ke biyan jinyarta, bulo bayan bulo, har ya ƙare.

Tushen abin yana 1948. A shekarar aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, wadda ke duba kowa ba tare da karɓar ko kwabo a bakin ƙofa ba. A shekarar kuma aka yi wata dokar tallafi, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa tsofaffi da gajiyayyu matsuguni, ta kuma ba su ikon karɓar kuɗi daga mai hali. Ta haka aka raba buƙatar mutum gida biyu: magani na ƙasa ne, kulawa ta aljihunka ce. A lokacin abin bai dami kowa ba, domin maza kan rayu kimanin shekara 66 ne, mata kimanin 70, kuma matan gida ne ke jinya. Yau mutane na haura 80, wasu su shekara biyar ko goma cikin ciwon mantuwa ko shanyewar ɓarin jiki. Wanda sankara ta kama, hukuma ta ɗauke masa komai. Wanda ƙwaƙwalwa ta rikice masa, ba ya gane 'ya'yansa, ba ya iya kai loma baki, shi zai biya wa kansa. Dukansu sun biya haraji iri ɗaya, cutar ce kawai ta bambanta.

Yadda ake awon

Dokar kulawa ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ita ce ke tafiyar da tsarin a yau. Awo biyu ake yi. Na farko na buƙata ne, kuma kyauta ne ga kowa, mai kuɗi da talaka. Ma'aikacin jin daɗin jama'a zai zo ya duba: kana iya ciyar da kanka? Wanka fa, da kewayawa, da sa tufafi? Kana iya zama a gidanka ba tare da haɗari ba? Idan rashin lafiya ko naƙasa ta hana mutum aƙalla biyu daga cikin irin waɗannan, har rayuwarsa ta taɓu sosai, an yarda yana da buƙata.

Sai awo na biyu, na aljihu. A nan ake neman takardun banki, da na fansho, da hannun jari, da duk wata kadara. Layi biyu aka ja. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250, shi zai biya komai. Wanda tasa ba ta kai fam 14,250 ba, ba a taɓa masa ajiya, amma za a karɓi mafi yawan abin da ke shigo masa. Wanda ya faɗa tsakani kuwa, a kan kowane fam 250 da ya ɗara layin ƙasa, ana lissafa masa fam 1 a mako kamar kuɗin shiga ne.

A ce wata tsohuwa tana zaman haya, tana da ajiyar fam 20,000, kuma ta koma gidan kula da tsofaffi. Abin da ya ɗara layin ƙasa fam 5,750 ne, wato kashi 23 na fam 250. Don haka za ta riƙa ba da fam 23 kowane mako daga ajiyarta. Fanshonta kuma za a haɗa da shi kusan gaba ɗaya, a bar mata ɗan abin kashewa, wanda a 2024 fam 30.15 ne a mako. Da shi za ta sayi sabulu da man shafawa, ta gyara gashi, ta ba jika kyautar zagayowar haihuwa. Ƙaramar hukuma ta cika sauran.

To, a ce maƙwabciyarta gidan kanta ne, wanda ya kai fam 200,000, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse. Muddin tana zaune a cikinsa ma'aikata na zuwa suna dubata, ba a sa gidan cikin lissafi. Ranar da ta koma gidan kulawa zama na dindindin, za a ɗaga mata ƙafa na mako 12, daga nan gidan ya zama dukiya. Idan ana karɓar fam 1,000 a mako, kuma wurare da yawa sun fi haka, fanshonta na kawo fam 200, to fam 800 zai riƙa fita daga jikin gidan kowane mako, wato fam 41,600 a shekara. Cikin shekara huɗu da 'yan watanni, gidan da ta yi shekaru tana biyan bashinsa ya narke har ya sauko layin fam 23,250.

Akwai sassauci. Ba a lissafa gida idan miji ko mata na ciki, ko ɗan'uwa mai shekara 60 zuwa sama, ko naƙasasshen ɗan'uwa, ko ɗan mai gidan da bai kai 18 ba. Akwai kuma yarjejeniyar jinkiri: ƙaramar hukuma ta riƙa biya, bashin ya hau kan gidan da kuɗin ruwa, a cire bayan an sayar ko bayan mai shi ya rasu. Doka ba ta tilasta wa 'ya'ya su biya wa iyaye, dukiyar mai buƙatar kawai ake dubawa. Sai dai idan iyali sun zaɓi wurin da ya fi abin da hukuma ta amince ta biya, wani daga cikinsu zai sa hannu ya riƙa ciko.

Mai dabara zai ce, me zai hana tsohuwa ta mallaka wa 'ya'yanta gidan tun da wuri? An riga shi tunani. Idan hukuma ta gamsu cewa an yi kyautar ne don a kauce wa biya, za ta yi lissafi kamar gidan na hannunta har yanzu, wani lokaci ma ta bi wanda aka ba. Mutane da yawa a can na zaton idan kyauta ta shekara bakwai an tsira. Wannan ƙa'idar harajin gado ce, ba ta shafi kuɗin kulawa ba. A nan niyya ake dubawa, kuma babu wa'adi.

Ƙofa ɗaya ce ta fita gaba ɗaya: idan aka tabbatar cewa babbar buƙatar mutum ta jinyar asibiti ce, NHS za ta ɗauki dukkan kuɗin ba tare da duba aljihu ba. Shari'ar wata mata mai suna Pamela Coughlan a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1999 ce ta fayyace wannan. Tun daga nan iyalai da hukumomi ke ta ja-in-ja a kan inda jinya ta tsaya da inda kulawa ta fara, domin amsar na iya zama bambancin rasa gida da tsira da shi.

Inda tsarin ya cije

Kada mu yi saurin cewa zalunci ne a ce mai dukiya ya kula da kansa da dukiyarsa. Me ya sa direban bas mai zaman haya zai biya haraji don a adana wa 'ya'yan mai gida gadonsu? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta riƙe tsarin har yau. Aibin yana wani wuri.

Na farko, awon arziki yana tambayar wa ke da shi, ba ya tambayar wa masifa ta faɗa wa. Kwamitin da masanin tattalin arziki Andrew Dilnot ya jagoranta ya nuna a 2011 cewa cikin masu shekara 65, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba za su kashe wani abin kirki a kulawa ba har su koma ga Mahaliccinsu, amma mutum ɗaya cikin goma zai kashe fiye da fam 100,000. Babu wanda ya san a wane rukuni zai faɗa. Gobarar gida da haɗarin mota duk suna da inshora, amma wannan ba shi da rufi, shi ya sa kamfanoni ke gudunsa. Attajiri ba ya jin zafin, talaka ba shi da abin da za a ɗauka. Tsohon malamin makaranta da tsohuwar ma'aikaciyar jinya, masu gida ɗaya tal, su ne ake yi wa ƙarƙaf.

Na biyu, layin ya daskare. Mu da muka san nisabin zakka mun san amfanin ɗaure layi da abu mai tafiya da zamani: nisabi zinariya ce, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, adadin da hukumomin zakka ke sanarwa sai ya tashi. Fam 23,250 na Ingila kuwa tun 2010 yake nan bai motsa ba, alhali farashin komai ya hau. Ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'a ba, kowace shekara ana ƙara tura mutane cikin sahun masu biya wa kansu.

Na uku, mai biya wa kansa yana biya wa wani bai sani ba. Ƙananan hukumomi na sayen gadaje da yawa, don haka suna taya farashi ƙasa. Masu gidajen kulawa sai su fanshe a kan wanda ya zo da kuɗinsa. Hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a Birtaniya ta gano a 2017 cewa a gida ɗaya, masu biya wa kansu na biyan kimanin kashi 41 cikin 100 sama da abin da hukuma ke biya. Ɗaki iri ɗaya, abinci iri ɗaya, ma'aikaciya ɗaya. Duk da haka harkar ba ta zauna da gindinta ba: a 2011 kamfanin Southern Cross, mai gidaje kimanin 750 da mazauna wajen 31,000, ya durƙushe. Albashin ma'aikata ya tsaya kusa da mafi ƙanƙanta, 'yan ƙasa suka guje wa aikin, dalilin buɗe ƙofar biza ke nan. Asibitin da aka ce kyauta ne shi ma bai tsira ba, domin a kowace rana gadaje fiye da 10,000 na ɗauke da mutanen da likita ya sallama, da yawansu don ba a shirya mai karɓarsu a gida ba.

Sauran nauyin ya koma inda ya saba komawa. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 5 a Ingila da Wels na kula da wani nasu ba tare da albashi ba, kuma mata sun fi yawa. Wanda ke jinyar aƙalla awa 35 a mako, kuma abin da yake samu a wani aikin bai taka kara ya karya ba, alawus ɗinsa a 2024 fam 81.90 ne a mako.

Alkawari ya zama sana'a

Ba wai ba su san maganin ba ne. A 1999 wani babban kwamiti ƙarƙashin Stewart Sutherland ya ba da shawarar a mayar da kulawar jiki, wato wanka da ciyarwa da makamantansu, kyauta. Sikotland ta karɓa a 2002 ga masu shekara 65 zuwa sama, ta faɗaɗa wa 'yan ƙasa da haka a 2019. Ingila ta ƙi. Wels ta ɗaga layinta na gidan kulawa zuwa fam 50,000.

Dilnot ya ce a sa rufi: kada abin da mutum zai kashe a rayuwarsa ya wuce fam 35,000, a kuma ɗaga layin sama zuwa fam 100,000. Gwamnati ta amince da rufin fam 72,000 daga 2016, sannan ta ɗage, ta kuma bar maganar. Siyasa ta shiga tun kafin nan. A 2010 jam'iyyar Leba ta duba yiwuwar cirar wani abu daga gadon kowa, 'yan adawa suka laƙaba masa "harajin mutuwa", har da hoton kabari a fastocinsu. A 2017 Firaminista Theresa May ta kawo nata tsarin, aka rama mata da "harajin ciwon mantuwa", ta ja da baya cikin 'yan kwanaki, ta kuma rasa rinjaye a majalisa. Boris Johnson ya hau mulki a 2019 da alkawarin gamawa da matsalar. A 2021 ya sanar da rufin fam 86,000 daga Oktoban 2023. Aka ɗage zuwa 2025, sannan a Yulin 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke shi, ta ce babu kuɗin. A Janairun 2025 aka kafa sabon kwamiti ƙarƙashin Louise Casey, aka ba shi har 2028 ya kammala.

Dalilin wannan jan ƙafa a fili yake. Da zarar al'umma ta tsufa, kuɗin gyara ya yi nauyi, kuma duk wanda ya ce ga wanda zai biya, ya ba abokin hamayyarsa makami.

Wasu ƙasashen sun riga sun tsallake. Jamus ta kafa inshorar kulawa ta dole a 1995: ma'aikaci da mai ba shi aiki na zuba wani kaso na albashi, marar 'ya'ya na ƙara ɗan wani abu, kuma mai buƙata na iya zaɓar a ba shi kuɗi a hannu idan danginsa ne ke jinyarsa a gida. Japan ta bi sahu a 2000: daga shekara 40 kowa ke zubi, gwamnati na kawo rabi daga haraji, mai amfana na biyan kashi 10 cikin 100, mai hali ya biya 20 ko 30. Su ma suna kuka da tsada, kuma inshorar Jamus ba ta ɗauke komai. Amma a can buƙata ce ke buɗe ƙofa, kuma nauyin ya rarrabu a kan kowa tun kafin a san wanda zai faɗa wa.

Mu fa?

Za a ce wannan matsalar Turawa ce, mu muna riƙe iyayenmu. Gaskiya ne, addini ya wajabta, al'ada ta ƙarfafa, kuma kai tsoho gidan gajiyayyu abin gori ne har jikoki. Amma a duba yadda riƙon yake a yau. 'Ya'ya maza suna Abuja da Legas da Jidda, suna turo kuɗi idan an samu. Wadda ke wanke tsohuwa da asuba, ta shanya katifa a rana, ta tauna mata goro ko ta dama mata kunu, 'ya ce da aurenta ya mutu, ko suruka, ko jikar da aka cire daga makaranta. Hawan jini da ciwon suga na ƙaruwa, shanyewar ɓarin jiki na biye da su. Mai ciwon mantuwa kuwa, wani lokaci a ce sammu ne, a kulle shi a ɗaki. Mu ma muna da awon arziki, sai dai ba rubutacce ba ne: a sayar da akuya, a sayar da gona, a sayar da fili, idan sun ƙare a koma roƙo a masallaci da gidan rediyo.

Tanadin hukuma bai kai ko'ina ba. Zuwa 2024, tsarin fansho na 2004 bai wuce asusu miliyan 10 da 'yan kai ba, manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu akasari ba sa ciki. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa. Wato yanzu muke aza tubalin da Ingila ta aza a 1948, kuma wannan ne lokacin kauce wa kuskurenta.

Darasi na farko: kada a raba magani da kulawa. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su sa ziyarar gida cikin abin da suke biya, ko da ma'aikacin lafiya ne sau ɗaya a mako, da keken guragu, da koya wa mai jinya yadda ake ɗaga marar lafiya da juya shi.

Na biyu: kada mu kwafo awon arziki ido rufe. Dukiyar mutanenmu tana gona da garke da gidan gadon da ba a raba ba, babu takardar bankin da za ta nuna ta. Awon da ba shi da ma'auni kuwa yakan koma jerin sunayen da ɗan siyasa ya rubuta. A fara da auna buƙata, wadda ido ke gani. Idan kuma dole a ja layi, a ɗaure shi da farashi, a sa masa rufi.

Na uku: a yi zubi tun jama'a na da ƙuruciya. Mafi yawan 'yan Najeriya da Nijar matasa ne, masu zubi sun ninka masu buƙata sau da yawa, kuma wannan dama ba ta dawwama. Hukumomin zakka da waƙafi, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, na iya ware asusu na musamman don jinya mai tsawo tun kafin gwamnati ta motsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu a cikin gida yake, kuma a nan Ingila ta yi daidai a abu ɗaya: dukiyar tsoho ta tsoho ce tun yana raye. Abin kunya ne a bar uwa a kan tabarma babu magani, ana gadin filinta don rabon gado. Iyali su zauna tun iyaye na cikin hayyacinsu, a faɗi wa zai yi jinya, wa zai kawo nawa, wace kadara za a fara taɓawa, a rubuta, a sa shaidu. Wadda ta ajiye sana'arta ko karatunta don jinya a yanka mata haƙƙi na wata-wata, kada a sallame ta da "Allah ya yi albarka" kawai.

Ingila ƙasa ce mai arziki da ƙwararru, amma fiye da shekara 25 tana kafa kwamiti a kan tambaya ɗaya, domin ta bari sai da nauyin ya girma kafin ta nemi masu ɗauka. Mu ba mu da arzikinta, lokaci ne kawai muka fi ta. Malamai su ɗauki maganar a kan mumbari, 'yan majalisa su kai ta zaure, kai kuma mai karatu, idan iyayenka na raye, ka tara 'yan'uwanka ku yi ta tun yau.